Na'ura da mawaƙi a aikin sulhu: wa zai ɗauki wane kaya kafin damina?

Ustaz Abdurrahim, Damazin

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana a zauren nan. Wani kwamitin matasa a ƙauyukan da ke tsakanin Rusairis da Wad al-Mahi, a jihar Blue Nile ta Sudan, ya samu ɗan tallafi na aikin sulhu, kuma saura wata uku damina ta sauka. Matsalar sananniya ce. Iyalan da suka gudu a rikicin ƙabilanci na Yuli da Oktoba 2022 suna komawa, wasu sun tarar an nome gonakinsu, burtali ya ƙuntace, ga kuma waɗanda yaƙin 15 ga Afrilu 2023 ya koro daga Hartum da Jazira da Sinja. Kan kwamitin ya rabu. Wasu na son a zuba kuɗin a ƙirƙirarriyar basira, ta tattara koken jama'a, ta kuma sa ido kan kalaman tunzurawa a Facebook da WhatsApp. Wasu sun ce a'a, wasan kwaikwayo da waƙa da zanen bango. Ta ina ake farawa? Don Allah a yi bayani dalla-dalla, kwamitin zai karanta.

Baba Umda Sale, Gadarif

Wa alaikumus salam, Ustaz. Kafin 'ya'yana masu kwamfuta su shigo, bari a ajiye tushe. Judiyya, wato sulhun gargajiya, ba ta tsayuwa sai da abu uku: ajawid, dattawan sulhu, waɗanda kowane ɓangare ya yarda da su, wurin zama da ba na kowa ba, da mai tsayawa lamuni idan aka karya alkawari. Babu ɗaya a ciki da na'ura za ta zama.

Amma akwai aikin da ke cinye wa ajawid kwanaki, shi ne warware ƙara. Mutum zai zo da magana guda, a cikinta akwai iyakar gona, akwai ɓarnar shanu a kan riɗi, akwai bashin iri, akwai jini. Kowanne da hanyarsa. Iyaka takawa ake yi a gani, tare da dattawan da suka san tsohuwar alama, aduwar nan ko kwarin can. Ɓarna ana ƙiyasta ta da buhu. Jini kuwa ba a haɗa shi da komai, zamansa daban, da maganar diyya da afuwa. Ranar da aka cakuɗa su a zama ɗaya, mai kukan buhu biyar zai tashi da fushin mai kukan ɗa. Idan yaranku za su kawo wa ajawid takarda a ware, ƙauye bayan ƙauye, sun yi aiki babba.

Injiniya Nafisa, Fot Sudan

Baba Umda ya nuna daidai inda na'ura ke da amfani. Ga yadda ake yi, da inda yake lalacewa.

A tura mutum biyu kowane ƙauye, mace da namiji. Wayar hannu ta isa, amma a sayi ƙaramin makirfo mai maƙalewa a wuyan riga, ya zauna kamar taƙi ɗaya daga baki. A nisanci janareto, injin niƙa da iska. A ɗauka a tsarin WAV, 16 kHz, layi ɗaya. Awa guda tana cin kusan MB 115, don haka hira 40 ta minti 20 ba za ta wuce GB 1.5 da 'yan kai ba. Kada suna ya shiga cikin muryar. Kowane mai magana a ba shi lamba, takardar da ta haɗa lamba da suna ta zauna a rubuce da hannu, a wani gida daban. Kowa ya san ana binciken waya a shingaye.

Mayar da murya rubutu a yi shi a kan kwamfutar tafi-da-gidanka, ba tare da intanet ba. Manhajar Whisper, mai mayar da murya rubutu, tana aiki a haka. Dalili biyu ne: shaidar mutane ba abin ɗorawa a manhajar hira ta kowa-da-kowa ba ce, sannan mun ga yadda layukan waya na Zain da MTN da Sudani suka ɗauke a Fabrairun 2024. Aikin da ya rataya a kan layi zai tsaya ranar da aka fi bukatarsa.

Yanzu matsalolin. Whisper ta san Hausa sama-sama, kuma abin da ta sani ya fi kusa da Hausar rediyo. Mutuminmu zai fara jimla da Hausa, ya sa kalmomin gona na Larabci irin hawasha da faddan a tsakiya, ya ƙarasa da Larabcin kasuwa. A nan take rikicewa, ta zaɓi harshe ɗaya ta tilasta sauran a ciki. Na biyu, idan mai magana ya yi shiru, ko tsohuwa ta tsaya tana kuka, na'urar kan cike gurbin da maganar da ba wanda ya faɗa. Maganinsa a yanke shirun kafin a ba ta, kuma duk jimlar da za ta shiga takardar ajawid sai mutum ya saurari asalinta da kunnensa. Rubuta awa guda da hannu yana ɗaukar awa huɗu zuwa shida. A Larabci na'ura na rage wannan sosai, a Hausar nan tamu wani lokacin gyaran ya fi rubutawa daga farko wahala. A gwada da hira biyar kafin a yanke shawara.

Abin da ya fi damuna shi ne na uku. Harshen Berta da na Ingasana kusan babu su a waɗannan manhajoji. Idan aka bar na'ura ta yi ta kanta, wanda ya iya Larabci zai fito da cikakkiyar ƙara, Bahaushe ya fito da rabi, wanda ya yi magana da harshen uwarsa na dutse ya ɓace ɗungurungum. Takardar da aka yi don adalci sai ta zama sabon zalunci, kuma maƙwabtanmu za su ce aikin Hausawa ne. A ware kuɗin tafinta na kowane harshe tun farko, kafin kuɗin kwamfuta.

Malam Tijjani, Kasala

Na goyi bayan Injiniya. Ƙari ɗaya kan taƙaitawa: idan ka ba na'ura koke 200 ka ce ta taƙaita, abin da aka fi maimaitawa take ɗagawa. Koken da mutum uku kawai suka faɗa, misali cewa an hana mata zuwa wata rijiya, zai nutse, alhali irin wannan ne ke haifar da gawa. A umarce ta ta ware, kada ta taƙaita, kuma kowane layi ya zo da lambar hira da mintin da aka faɗe shi.

Akwai kuma dabarar neman abin da aka haɗu a kai. Manhajar Polis, wadda aka yi amfani da ita a Taiwan a 2015 kan rigimar Uber da masu tasi, ba ta da maɓallin mayar da martani. Mutum na ganin jimla, ya ce na yarda, ban yarda ba, ko na wuce. Lissafi ya raba mutane rukuni-rukuni bisa amsoshinsu, ya fito da jimlolin da rukunan da ke gāba suka amince da su tare. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi makamancin haka da manhajar Remesh a Yaman da Libiya tun 2020. Ba sai kun sami manhajar ba. Ku tsamo jimloli 25 zuwa 30 daga hirarrakin, gajeru, kowace da magana ɗaya, kamar "a buɗe burtali da faɗinsa na da kafin shuka". A karanta wa mutane da baki, kowa shi kaɗai. Sharaɗin shi ne kada a lissafa jimillar ƙauye. A lissafa kowane ɓangare daban, manoma, makiyaya, masu komawa, waɗanda aka tarar, mata. Jimlar da ta samu kashi 70 a kowane ɓangare ita ce ajawid za su buɗe zama da ita. Wadda ta samu kashi 80 a jimilla amma kashi 20 a wurin makiyaya, wuta ce a rufe.

Anas, Hartum

Malam, to maganar sa ido kan kalaman ƙiyayya fa? A 2022 kowa ya ga abin da aka riƙa yaɗawa kafin a fara ƙone-ƙone. Ai da na'ura ta kama da wuri.

Malam Tijjani, Kasala

Anas, mu yi lissafi. A ce saƙo 10,000 ne, 100 daga ciki na tunzurawa, na'urar kuma tana dacewa sau 90 cikin 100, wanda a Hausa gauraye da Larabci da wuya ta kai. Za ta kama 90 na gaskiya, ta kuma ɗora wa 990 marasa laifi alama. Wato cikin mutum goma sha biyu da ta nuna, ɗaya ne mai laifi. Wa zai zauna ya tace? Idan jerin nan ya fita hannun kwamiti, rayuwar wa aka jefa cikin haɗari?

Sannan WhatsApp a kulle yake daga waya zuwa waya, ba a leƙawa daga waje, kuma mafi muni yana yawo ne a saƙon murya. Mutanenmu da yawa a nan da haruffan Larabci suke rubuta Hausa, alhali bayanan da aka horar da na'urori da su, irin AfriSenti, na boko ne kuma na Najeriya. Mai tunzurawa ma ba ya zagi kai tsaye. Zai ce "baƙi sun yi yawa, a share gona", kuma wannan jimlar a bakin manomi wata rana ba ta nufin komai sai gona.

Abin da ke aiki: mutum 10 zuwa 15 amintattu daga kowane ɓangare, waɗanda dama suna cikin zaurukan, su riƙa turo saƙon da ya tayar musu da hankali zuwa lamba ɗaya, ba tare da sunan mai turawa ba. Na'ura ta taimaka wajen gano cewa saƙo 40 ɗin nan jita-jita guda ce ta sauya riga. Jita-jita ake bi, ba mutum ba.

Injiniya Nafisa, Fot Sudan

A haɗa da muryar bogi. A Oktoban 2023 BBC ta bankaɗo wani shafin TikTok da ke yaɗa sauti da sunan tsohon shugaban ƙasa Umar al-Bashir. Yadda aka gane ya fi komai amfani gare mu: an samo wasu daga cikin maganganun a wani shirin kai-tsaye da wani mai sharhin siyasa ya riga ya yi, kalma da kalma, numfashi da numfashi, murya kawai aka sauya. Wato neman asali ya fi manhajar gano bogi, musamman da yake WhatsApp na matse sauti har alamun su goge. Gobe za a iya yi wa kowane umda, wato mai gari, haka. Ƙa'ida: duk sautin da aka jingina wa shugaba, a kira shi a lambar da aka sani kafin a tura wa kowa. Idan ƙarya ce, ya ƙaryata da fuskarsa, a masallaci ko kasuwa, a ɗauki bidiyo yana faɗin ranar. Kada a haɗa sautin bogin a cikin ƙaryatawar, yaɗa shi ne a karo na biyu.

Hajiya Rabi, Mai Wurno

Sannunku da aiki. Duk abin da kuka faɗa na ɗakin baya ne, kuma ana bukatarsa. Amma takarda ba ta sanyaya zuciya, kuma mutumin da ya binne ɗansa ba zai zo zaman ajawid don an nuna masa kashi 70 ba. Nan ne wasa da waƙa ke shiga, kuma su ma suna da ƙa'ida, ba tara yara a sa musu gemun auduga ba ne.

Salon da ya fi dacewa shi ne wanda Augusto Boal na Brazil ya shimfiɗa. Wasa na minti 15 zuwa 20, 'yan wasa shida zuwa takwas daga ɓangarori daban-daban. Labarin a ɗauko shi daga koken da Injiniya ta ware, amma a sauya komai da zai nuna gida: ƙauyukan ƙirƙira, sunaye da ake samu a kowace ƙabila, sutura da ba ta nuna kowa. A kai labarin daidai inda manomi ya tarar da shanu a cikin dawarsa ya ɗaga sanda, sai jagora ya tafa hannu a tsaya cak. Ya juya ga jama'a: wa zai shigo ya karɓi matsayin wannan, ya nuna mana wata hanya? Mutum ya fito daga cikin taro, a ba shi sandar a hannunsa, a maimaita. 'Yan wasa kada su sauƙaƙa masa, su mayar da martani yadda mutum mai fushi zai mayar. A gwada mutum huɗu ko biyar, a tabbata akwai mace da makiyayi.

Inda yake ɓaci: idan mugun cikin wasan ya yi magana da karin harshen wata ƙabila, an gama, taron zai tashi da sabon ciwo. Idan jagora ya fara wa'azi, jama'a za su yi shiru su watse. Idan aka yi a ƙauyen da ake cikin zaman makoki, cin fuska ne. A fara nuna wa dattawan ɓangarorin a keɓe, su cire abin da zai sosa. Kuma a samu wanda zai zauna da duk wanda wasan ya tayar wa da tsohon miki, kada a tattara kaya a hau mota a bar shi.

Kada kuma a yi tsammanin abin da wasa ba ya bayarwa. A Ruwanda an yi nazarin wasan rediyon Musekeweya, wanda aka fara a 2004. Binciken Elizabeth Paluck da ya fito a 2009 ya nuna bai sauya abin da mutane suka yi imani da shi a ransu sosai ba, amma ya sauya abin da suke ganin jama'a ta amince da shi, da yadda suke yi a cikin taro, har da iya fitowa a ce ban yarda ba. Wannan ya ishe mu. Saurayi ya san idan ya ƙi bin masu ɗaukar makami ba za a kira shi matsoraci ba. Shi ya sa sauraro a taro ya fi sauraro a kaɗaice. Ku yi wasan rediyo kashi 12, kowanne na minti 10, a MP3 mai 64 kbps kowanne bai kai MB 5 ba, yana wucewa ta Bluetooth da katin waya, a kunna a wurin mai shayi da gidan biki.

Sai mawaƙa. A Darfur da Kurdufan an san ƙarfin hakkamat, matan da baitinsu ɗaya ke tura namiji fagen fama don gudun gori, kuma an yi shirye-shiryen da suka juya wannan baiwa zuwa kiran sulhu. Mu ma muna da zabiyoyi da masu kalangu. A je musu da girmamawa, a biya su hakkinsu, a ba su jimlolin da aka haɗu a kai, su ɗinka da kansu. Kada a kawo musu waƙar da na'ura ta rubuta. Ba ta jin hawa da saukar murya, amsa-amonta na ido ne ba na kunne ba, kuma ba ta san kakan wa za a ambata gaban wa ya faɗi ba.

Anas, Hartum

Hajiya, na karɓa. Amma ga inda nake ganin kuna tauye na'ura. Ba za a iya nuna fuskar wanda aka zalunta ba saboda tsaro. Me zai hana a ƙirƙiri hoton da ya yi kama da abin da ya faru, a sa a fosta? Ba wanda aka fallasa, kuma duniya ta gani.

Lauya Mustafa, Wad Madani

Niyyarka mai kyau ce, ƙanena, amma an riga an gwada. A 2023 Amnesty ta wallafa hotunan da na'ura ta ƙirƙira kan zanga-zangar Kolambiya ta 2021, da wannan hujja taka ta kare mutane, har ta rubuta a jiki cewa na ƙirƙira ne. Suka ya yi yawa, ta janye su. Dalilin shi ne hoton ƙarya guda ɗaya daga hannunka yana ba mai laifi damar cewa na gaskiyar ma ƙarya ne. Rubutun gargaɗin kuwa yanke shi ake yi a turawa ta biyu.

Ku raba akwati biyu, kada su taɓa haɗuwa. Akwatin fasaha: zane, waƙa, wasa, abin da kowa ya gani ya san aikin hannu ne. Akwatin shaida: asalin hoto da bidiyo, ba a taɓa shi. Ba a gyara haske, ba a sa na'ura ta ƙara masa kyau, don tana ƙirƙiro ɗigon da babu shi. A kwafe daga wayar da kebul. In dole sai ta WhatsApp, a tura a matsayin fayil, don turawa a matsayin hoto na goge ranar da wurin da ke manne da shi. A fitar wa kowane fayil hatimin SHA-256, wato lambar da ke sauyawa da zarar an taɓa fayil ɗin, a rubuta a littafi tare da wanda ya ɗauka, yaushe, ina, ya miƙa wa wa. Kwafi uku, a ma'aji iri biyu, ɗaya a wani gari. Wanda za a nuna wa jama'a kwafi ne da aka dushe fuskoki. Wannan shi ne ruhin ƙa'idar Berkeley ta bincike da shaidar hoto da bidiyo, wadda ofishin kare hakkin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar, kuma manhajar eyeWitness to Atrocities tana yin hatimin da kanta tun lokacin ɗauka.

Kada a ɗauki Facebook ko YouTube a matsayin ma'aji. A 2017 na'urar tace bidiyo ta YouTube ta sauke ɗimbin bidiyon yaƙin Siriya. Shari'a kuma tana daɗewa: sai a Oktoban 2025 kotun manyan laifuka ta duniya ta samu Ali Kushaib, jagoran mayaƙan Janjawid, da laifukan Darfur na 2003 da 2004. Sulhun ajawid ba ya share hakkin wanda ke son zuwa kotu, kuma kwamitin ya faɗa wa mutane haka ƙarara.

Idris mai zane, Sinnar

Anas, abin da kake nema hannu na yin sa. Assil Diab, mai zanen bango 'yar Sudan, ta zana fuskokin waɗanda aka kashe a juyin 2019 a bangon gidajen iyalansu, da yardarsu, kuma nauyin aikin daga yardar ya zo. A wurin da ake gāba tsakanin maƙwabta dai ban ba da shawarar fuskar mamaci ba, tana iya zama kiran fansa. A zana abin da aka yi alkawari: burtali da alamominsa, rijiya, ranar buɗe gonaki ga dabbobi bayan girbi.

Bangon siminti ake nema, makaranta ko asibiti, da izini a rubuce. Sabon shafe a bar shi sati huɗu ya bushe, in ba haka ba gishiri zai ɓullo ya tumɓuke fentin. Bangon da aka shafa wa farar ƙasa sai an kankare. Mita 10 a tsawo, 3 a tsaye, murabba'i 30 ke nan. Lita ɗaya na rufe 8 zuwa 10, don haka lita 4 na share fage, 7 zuwa 8 na launi shafa biyu, fentin ruwa na waje. A yi aiki da sassafe ko bayan la'asar, rana na busar da saman fenti ta bar cikinsa ɗanye, sai ya tsattsage. A raba zanen gida-gida na rabin mita, kowane yaro da gidansa, a gauraya yaran ɓangarorin a layi ɗaya. Na'ura na iya taimakawa wajen gwada launuka a kan hoton bangon kafin a sayi fenti, iyakarta ke nan. A ɗauki hoton aikin gaba da gaba, da ma'auni a jiki. Yawancin zanen da aka yi a dandalin Ƙiyada, wurin zaman dirshan na gaban hedikwatar soja a Hartum, an shafe shi bayan tarwatsa zaman a 3 ga Yuni 2019, hotuna ne suka rage.

Ustaz Abdurrahim, Damazin

Allah Ya saka da alheri. Tambaya biyu daga kwamiti: yaya za a raba kuɗin, kuma wa zai riƙe takardar sunaye?

Malam Tijjani, Kasala

A ganina rabi ga mutane, wato tafintoci, masu hira, mawaƙa da 'yan wasa. Kashi ɗaya cikin huɗu ga sufuri da abincin zaman ajawid. Sauran ga fenti, makirfo, ma'aji biyu da faifan sola. Kwamfuta a ara. Wata na farko hira, na biyu jimloli da atisaye, na uku wasa da zama. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Baba Umda Sale, Gadarif

Takarda kada ta zauna a hannun mutum ɗaya, kuma kada ta zauna a hannun umda, ko ni ne. A raba ta biyu, dattijo daga wannan ɓangare, dattijo daga wancan, kowa da sunayen mutanensa.

Hajiya Rabi, Mai Wurno

Baba, a gafarce ni, ban da ta mata. Akwai abin da mace za ta faɗa wanda in dattijon garinsu ya san ita ce, ta rasa aure ko ta rasa gida. Sunayen mata su zauna wurin ungozoma ko malamar da su matan suka zaɓa. A irin wannan hira ma kada a kunna waya sam, a rubuta da hannu in ta yarda, a karanta mata abin da aka rubuta, ta ce a bari ko a yaga. A kuma san asibitin da za a kai ta kafin a yi mata tambayar farko.